Kwamfutar Kawu, Yankan Baba

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo wai na tsani Mai Walda, don Allah ku yi min adalci. Ba ni na miƙa masa giranda ba, kishinsa ne ya miƙa masa. To ku matso ku ga inda ya kai shi.

*

"Fat!"

Ƙarar ba wata babba ba ce, amma sai da Mai Walda ya yi baya har ya ture kujerar 'yarsa. Fankar da ta fara juyawa ta tsaya cak. Wani siririn hayaƙi ya biyo ta yankan da ya yi a gefen akwatin kwamfutar, nan take ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba.

Ya sake danna maɓallin. Shiru.

Ya danna da ƙarfi, ya bubbuga mata gefe yadda yake yi wa tsohon injinsa in ya tashi gardama. Ko tari ba ta yi ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

"Baban Tababa, me ke ƙonewa?"

Umma ce, matarsa, ta ɗago labule hannunta duk kumfar wanki. Idonta ya sauka kan kwamfutar da ke wangale, ya sauka kan giranda, injinsa na yankan ƙarfe, a ƙasa, ya sauka kan garin ƙarfen da ya baɗe takardun zanen 'yarsu. Ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku. Me ka yi?"

"Gyara na yi."

"Gyara? Da giranda?"

"Ke, kar ki ɗaga min murya. Katin ne ya ƙi shiga."

"Wane kati?"

Ya nuna mata da haɓa. Wani ƙaton katin hoto ne mai ƙara wa kwamfuta ƙarfin zane, mai fanka uku, rabinsa a ciki, rabinsa ya leƙo waje ta inda aka yanke ƙarfen.

Ga wanda bai san kan zancen ba, kwamfutar nan ta hannu ce. Kawu, ƙanin Umma mai gyaran kwamfutoci, shi ya tsinto ta cikin waɗanda wani ofis ya sallamar, siririya da ita, baƙa, har da tabon takardar da aka ɓamɓare a goshinta. Ya wanke mata ciki, ya ƙara mata ram, ya sa mata sabon faifan ajiya, ya kawo wa Tababa don karatunta na zanen gine-gine. Tun daga ranar gidan nan ya daina jin komai sai "Kawu ya ce." Kawu ya ce kar a kashe ta daga soket. Kawu ya ce kar a ɗora mata kofi. Da ta fara nauyi in Tababa na juya zanen gininta, Kawu ya ce a yi haƙuri, zai samo ɗan ƙaramin kati daidai cikinta.

Wannan "a yi haƙurin" shi Mai Walda ya riƙe. Ya ce a ransa yau ga inda Kawu ya gaza. Bai gaya wa kowa ba ya wuce layin masu kayan kwamfuta, ya ce a ba shi katin da ya fi kowanne girma. Aka ba shi na hannu, aka haɗa masa da wata 'yar waya wai ta jona wuta. Ya jira Tababa ta tafi makaranta, ya shigo ɗakinta da kayan aikinsa.

"A sana'ata," ya ce wa Umma, "in abu bai shiga ba, faɗaɗa masa ake yi. Har tsumma na shimfiɗa a ciki. Da na gama na hure da bakina."

"Ka hure da bakinka."

"Na hure mana!"

"Baban Tababa, jibi yarinyar nan za ta tsaya gaban malamanta. Aikin da za ta gama makaranta da shi yana cikin abin nan. Ka sani?"

Ya sani. Shi ya sa gumi ke bin bayansa kamar wanda aka watsa wa ruwa.

Umma ta goge hannu a zani ta zaro waya.

"Wa za ki kira?"

"Ka san wanda zan kira."

"Wallahi in kika kira Ɗan Sukudireban nan..."

"Sai me? Ka yanka ni ni ma in faɗaɗa?"

Ta kara wayar a kunne ta fice ta bar shi tsaye.

*

Ba a jima ba aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Kawu ya shigo da jakarsa a kafaɗa, yana 'yar dariyar nan tasa da Mai Walda ya tsana.

"Babban Yaya, an ce ka buɗe reshe a ɗakin ɗiyata?"

Ɗiyata. Kalmar ta soki Mai Walda a inda ta saba sukarsa. Tsakaninsu akwai wasa tun ranar da ya auri Umma, lokacin Kawu ko gemu bai fara ba. Amma yau wasan bai sami wurin zama ba, don Kawu na leƙa cikin kwamfutar dariyar ta ɗauke.

Ya zare wayar wuta daga bango tukuna. Ya haska ciki da fitilar wayarsa. Ya sa ɗan yatsa ya shafo allon nan kore da komai ke manne a jikinsa, ya ɗago yatsan yana ƙyalli.

"Yaya... da allon a ciki ka yi yankan?"

"Na rufe shi."

"Garin ƙarfe ne fa wannan. Ko ƙwaya ɗaya ta kwanta tsakanin layuka biyu, wuta ta bi ta kai, shi ke nan. Ga shi nan ya shiga ko'ina." Ya ɗago 'yar wayar da aka haɗo da katin, bakinta ya narke. "Wannan kuma wa ya ba ka?"

"Mai kayan."

"Allah ya isa tsakaninmu da shi. Wutar cikin akwatin nan ba za ta iya ciyar da wannan ƙaton ba, ko da ya shiga. Shi ya sa na ce ƙarami. Ba rowa ba ce, Yaya. Da ka tambaye ni..."

"Da na tambaye ka!"

Muryar Mai Walda ta cika ɗakin har Umma ta zabura a bakin ƙofa.

"In tambaye ka kafin in yi wa 'yata abu? Kai ka haifa min ita?"

"Yaya, ba haka..."

"Haka ne mana! Yarinyar nan a rumfata ta koyi riƙe alli. Ina yanka ƙarfe tana zana min ƙofofi a ƙasa, ko tsayin tebur ba ta kai ba. Tababa ake ce mata, kowa ya sani. Yanzu fa? Yaran layinmu in sun gan ni sai su ce, Maigida, ina Takawu? Ana dariya ina dariya, amma ka san yadda nake ji?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Da ta ci jarrabawa wa ta fara kira? Kai. In abu ya dame ta wa take nema? Kai. Ni sai dai a gaishe ni a wuce, a ce Baba sannu da aiki, Baba ka yi wanka kana warin hayaƙi. Ka kawo tsohuwar kwamfutar da wasu suka gaji da ita suka yar, ka saye min 'ya da ita!"

"Baban Tababa, ka ji tsoron Allah," in ji Umma. "Ƙanina ne fa. Don ya taimaki 'yarka?"

"Ban ce ya taimaka ba! Cewa na yi sau ɗaya, sau ɗaya tak, ta kunna abin nan ya yi gudu ta ce Baba ne ya yi min."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ya juya musu baya yana kallon bango, haushin kansa ya kama shi da ya bari suka ji.

Kawu ya buɗe jakarsa. Ya ciro sukudireba ya kwance faifan ajiyar, ɗan abu kamar tafin hannu. Ya hure shi, ya sa shi cikin wani gida, ya jona da laftof ɗinsa. Su uku suka zuba wa allon laftof ɗin ido.

Ba abin da ya fito.

Ya cire, ya sake jonawa. Ya canza waya.

"Ya mutu?" Umma ta tambaya a hankali.

"Ban ce ba, Yaya. Wutar ta taɓa shi. Akwai wani ɗan abu a bakinsa da ke fara ƙonewa don ya kare na ciki. In shi ne kawai, zan iya ɗaga shi a shago in kwashe mata aikin. In ta wuce nan..." Ya girgiza kai. "Amma hannu ɗaya yake so. In aka kai wa mai gaggawa ya ƙara jona masa wuta, an gama."

"Ba ta da shi a wani wuri?" in ji Umma.

"Na sha gaya mata ta dinga kwafewa. Wanda ke ɗan filas ɗinta na ajiya tsoho ne, ko rufi ginin bai samu ba a ciki."

Ana cikin haka suka ji ƙarar ƙofar gida, sai sallama da 'yar waƙa a ciki.

"Umma! Babur ɗin Kawu na gani a waje! Ya samo katin?"

Mai Walda ya dubi girandar da ke ƙasa.

Kawu ne ya yi wuf ya ɗauke girandar ya cusa cikin kwandon wanki, ya ja zani ya rufe, ya miƙa wa Umma.

"Fita da shi, Yaya."

"Kai kuma..."

"Ki fita da shi kawai."

Mai Walda yana gani. Bakinsa bai ce a bari ba.

*

Tababa ta shigo da jakar takardu a hannu, fuskarta a washe. Ta rusuna wa babanta a gurguje, "Baba sannu da gida," idonta na kan Kawu. Sai hancinta ya ɗauki ƙaurin. Sai ta ga teburin.

Jakar ta zame daga hannunta.

"Kawu... mene ne wannan?"

"Zauna tukuna, ɗiyata."

"Kawu, me ya sami kwamfutata?"

Kawu ya ɗan saci kallon Mai Walda. Kallon bai kai ƙiftawar ido ba. Sannan ya ja numfashi.

"Laifina ne. Na ga lokaci ya ƙure miki, ƙaramin katin bai samu ba, sai na ce bari in gwada babba. Na sa aka faɗaɗa akwatin. Da na kunna, wuta ta kama."

Jama'a, kun san abin da ya fara zuwa zuciyar Mai Walda? Ba godiya ba. Wallahi ba godiya ba. Cewa ya yi a ransa, kun gani ko, har laifin ma sai ya ƙwace. Yanzu za ta ce ba komai Kawu, in dai kai ne. Za ta yafe masa nan take, shi kuma a bar shi tsaye a gefe kamar baƙo.

Amma ba haka ta ce ba.

"Aikina fa?"

"Faifan bai tashi ba tukuna. Amma zan..."

"Bai tashi ba."

"Ki saurare ni..."

"Kawu, kai ka ce in jira." Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ce kar in bari kowa ya taɓa ta. Ka ce babban kati zai kashe ta, da bakinka ka faɗa min, a nan, kana zaune a kujerar nan. Ƙawayena suna ta cewa in kai wani wuri a sa min, na ce a'a, Kawuna ya fi su sani. Na jira. Tana tsayawa ina jira, tana nauyi ina jira. Ashe kai za ka zo ka yi abin da ka hana?"

"Kuskure ne, ɗiyata."

"Ko ka kira ni? Ko ka ce in kwafe aikina kafin ka fara? Kai da ko ram za ka canza wa mutum sai ka ce ya kwafe kayansa?"

Kawu ya dubi ƙasa. Ƙaryar ba ta zo da amsarta ba.

Hawaye suka ɓalle mata. Ta dubi takardunta da garin ƙarfe ya ɓata, ta dubi allon da ya yi baƙi, ta toshe baki da gyale. Sai ta juya. Ba wajen Kawu ba, ba wajen Umma da ta dawo ta rakuɓe a bakin ƙofa ba.

"Baba..."

Ta durƙushe a gabansa ta kama hannunsa da hannu biyu, ta kifa goshinta a kai tana kuka.

"Baba, na shiga uku. Duk wahalar da ka sha a kaina. Duk ƙonewar da hannun nan ya yi don in yi karatu. Jibi ne, Baba. Me zan nuna musu?"

Rabon da ta riƙe hannunsa haka tun tana 'yar firamare.

Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku zage shi: daɗi ya ji. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Abin da ya daɗe yana nema ke nan, ga shi an kawo masa har hannu, a gaban Ɗan Sukudireba kuma. Ya ɗora ɗaya hannun a kanta.

"Yi shiru, uwata. Yi shiru. Babanki na nan."

Da ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin na Umma. Kallonsa kawai take, irin kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba tun aurensu. Daɗin ya koma masa ɗaci, amma bai janye hannun ba.

Kawu ya fara naɗe wayoyinsa a sanyaye. Ya ɗauki faifan zai sa a aljihun jaka.

"Bari in tafi da shi shago yanzu. In Allah ya yarda kafin..."

"Ajiye min."

Kowa ya dube ta.

"Na'am?"

Ta miƙe tana share fuska. "Ka ajiye min abina, Kawu. Na gode da duk abin da ka yi min, Allah ya saka. Amma wannan kam ba za ka sake taɓa shi ba."

"Ke Tababa!" in ji Umma. "Kawun naki kike gaya wa haka?"

"Umma, ban zage shi ba. Abina na ce ya ba ni." Ta miƙa hannu. "Akwai wani mai gyara a bakin makarantarmu, nan da nan yake yi wa mutane. Baba zai kai ni."

Fuskar Kawu ta canza. "Ɗiyata, ki yi min komai amma ban da wannan. Na san irin aikinsu. Wuta zai fara jona masa ya gani ko zai tashi, in kuwa ya yi haka ko ni ba zan iya dawo da shi ba. Ki ba ni zuwa gobe."

"Na ba ka watanni, Kawu."

Ta zare faifan daga hannunsa. Bai hana ta ba. Ya tsaya da hannu a buɗe, sannan ya juyo ya dubi Mai Walda. Wannan karon ba satar kallo ba ce. Roƙo ne ƙarara: Yaya, ka yi magana. Ba don ni ba.

Mai Walda ya kawar da kai.

Ya san Kawu gaskiya ya faɗa. Duk garin nan in akwai mai iya ceto aikin 'yarsa, to ga shi nan tsaye da jaka a kafaɗa. Kalma biyu ce, "ni ne," za ta mayar da faifan hannunsa. Amma kalma biyun nan su za su cire hannun Tababa daga nasa, wataƙila har abada. Ya buɗe baki, ya mayar ya rufe.

"To," in ji Kawu a hankali. "Allah ya sa a dace. Yaya, na tafi."

Umma ta matsa ta ba shi hanya. Ya kai bakin ƙofa ke nan Tababa ta ce, "Tsaya, Kawu."

Ta matsa jikin teburin. Ta sunkuya tana duban gefen akwatin, ta bi bakin yankan da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa. A miƙe yake sak, an bi shi da magagari an goge kaifin, ko zare ba zai kama ba.

"Kai ba ka da abin yanka ƙarfe. Cewa ka yi ka sa aka faɗaɗa."

"Eh."

"Wa ka sa?"

"Wani ne kawai. Bar shi, ba laifinsa ba ne."

"Laifinsa ne. Duk wanda ya iya yanka mai kyau haka ya san inda garin ƙarfe ke zuwa. Ya ga allo a ciki, ya ga wayoyi, bai ce a cire ba, ya kunna injinsa. Ba ruwansa da ko aikin wa zai kashe." Ta share hawayen da ya sake zubowa. "Ina so in san shi. Ina so in tsaya a gabansa in tambaye shi me na yi masa."

"Na ce ki bar shi."

"Shi ke nan, kar ka faɗa."

Ta tallabo akwatin gaba ɗaya, da ƙaton katin da ke leƙe, ta juyo da yankan saitin hasken taga. Ta kawo shi gaban babanta har yana taɓa masa ƙirji.

"Baba, kai ba mai yankan ƙarfen da ba ka san hannunsa ba. Duba min da kyau."

Ta ɗago jajayen idanunta ta zuba masa, cike da yarda.

"Hannun wa ne wannan?"